Bulon Hangen-Nesa da Awakin Gwaggo

Ina roƙon mai karatu ya sani tun daga farko cewa ba don in ci mutuncin maƙwabcina na rubuta wannan labari ba. Mutumin kirki ne, ba ya hana aron shebur, kuma bai taɓa wucewa ta gaban rumfata bai yi mini sallama ba. Sai dai abin da ya same shi a gaban jama'a ya same shi, kuma yanzu kowa yana ba da labarin da ƙarin gishiri. Ni da nake facin taya a tsallaken titi, daidai ƙofar filinsa, na ga ya dace in tsara al'amarin yadda ya gudana. Abin da na gani zan ce na gani, abin da aka faɗa mini kuma zan ce an faɗa mini.

Sana'arsa buga bulo. Yana da fili, da inji guda, da tankin ruwa, da lebura ɗaya mai yi masa kwaɓi. A unguwa Hangen-Nesa ake ce masa, domin ba ya rufe magana sai ya ce, "Ku nan kusa kuke gani, ni hangen nesa gare ni." Shi kuwa leburan magidanci ne mai furfura a gemu, ana kiransa Haka-Ne, saboda tun da ya kama aiki a filin ba a taɓa jin ya ba maigidansa wata amsa ba bayan wannan.

A lokacin da nake magana kasuwa ta juya wa filin baya, har ciyawa ta fara tsirowa a inda tifa ke juyawa. Matar Hangen-Nesa, wadda ba ta iya kwana-kwana ba, ta riga ta yanke hukunci: in abin bai gyaru ba a sayar da injin, shi kuma ya je ya zauna wa ƙaninta a shagon kayan masarufi. Wannan magana ta fi masa ciwon haƙori zafi, domin shi ya koya wa ƙanin nan hawan keke.

Ana cikin haka wata mota ta tsaya, wata injiniya ta fito daga wani kamfanin gine-gine. Na jiyo abin da ta ce, domin ba ta rage murya ba.

"Malam, kamfaninmu zai gina gidaje masu yawa a bayan gari, kuma mutum ɗaya za mu ba kwangilar bulo. Da can wanda ya fi araha muke ba. Mun daina, domin mun sha wuya. Wani maƙwabta suka kai ƙararsa aka rufe filinsa ana tsakiyar aiki, wani kuma leburorinsa suka gudu suka bar shi. Mun gane cewa wanda ba ya ɓata muhalli, ba ya cutar da maƙwabta da ma'aikata, shi ne kasuwancinsa ke ɗorewa. In ribarsa ta ɗore, tamu ma ta ɗore."

Hangen-Nesa ya gyara hula ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan magana na riga kamfaninku saninta. Tambayi Haka-Ne."

"Haka ne," in ji Haka-Ne.

Ta ce, "To abin ya zo da sauƙi. Ruwan simintin nan da ke malalowa titi, ka haƙa masa rami. Yashin nan ka rufe shi, kada iska ta riƙa kai wa mutane cikin ɗaki. Wannan bawan Allah ka saya masa safar hannu da takunkumi. Ƙarshen wata zan dawo in duba."

Motarta ba ta gama shan kwana ba ya tsallako rumfata, ya zauna a kan tayar wani.

"Mai Faci, ka ji? Wai rami. Mutum kamata a ce masa rami. Kowane mai bulo a garin nan zai haƙa rami, da me zan fi su? Saurara ka ƙaru. Me ya fi damun unguwar nan?"

Na ce, "Shara."

"Me ya fi damuna?"

"Tsadar siminti."

"Shara kyauta ce, siminti na kuɗi ne. In na buga bulo da shara, unguwa ta tsabtata, siminti ya huta, riba ta zo da ƙafarta. Muhalli ya gode, jama'a su gode, aljihu ya gode."

Na ce masa a hankali, domin ba na son in karya wa mutum gwiwa, "Allah ya sa shara ta yarda ta zama bulo."

Ya ce, "An taɓa tambayar shara ra'ayinta?"

Washegari ya ari lasifika ya zagaya unguwa yana shela cewa duk mai shara ya kawo filinsa, kyauta, ba ko sisi. Ban taɓa ganin unguwarmu ta amsa kira da gaggawa irin ta ranar ba. Aka kawo katifun da suka mutu, da firji marar ƙofa, da fanka mai fiffike ɗaya, da takalman da 'yan'uwansu suka ɓace. Mai aski ya aiko da buhun gashi. Wata mata ta aiko da tukunyar da ta fashe, har da abin da ke cikinta.

Kafin azahar sai ga mai kwasar sharar unguwa ya turo baronsa fanko, ya jingine shi a ƙofar fili.

"Alhaji, ka kashe mini kasuwa. Yau ko ɓawon albasa ban samu ba. Me zan kai wa iyalina?"

Hangen-Nesa ya tuna cewa an ce kada a cutar da maƙwabta, sai ya dafa kafaɗarsa. "Daga yau na naɗa ka Babban Jami'in Shara na wannan masana'anta."

"Albashi fa?"

"Muƙami ke gaba, albashi na biye."

"Da nisa?"

"Ya danganta da ƙwazonka."

Mutumin kuwa ya nuna ƙwazo. Ya shiga wasu unguwanni yana kwashe musu shara, su sallame shi, ya zo ya juye a filin. Har abokan sana'arsa ya gayyato. Ba a jima ba tsibin ya fi tankin ruwa tsawo, ƙudaje suka yi hijira daga ko'ina suka tare a layinmu. Gaskiya ta tilasta mini in ce cinikina ya ƙaru a kwanakin, saboda ƙusoshin da suka watsu a titi, amma masu zuwa faci da hanci a toshe suke zama, kuma ban ji daɗin hanyar da arzikin ya biyo ba.

Aka fara gwaji. Bugun farko an haɗa leda da gwangwani da takalma. Da bulon ya fito daga inji, sai ga dunduniyar takalmi ta leƙo daga gefensa. Daidai nan matarsa ta iso da abincin rana. Ta ajiye kwano, ta daɗe tana kallo.

"Baban yara, wannan bulon tafiya zai yi?"

"Mariƙi ne. Magini ya ɗauka da hannu ɗaya."

Ta kama mariƙin ta ɗaga. Takalmin ya biyo ta, bulon ya tsaya a ƙasa ya koma yashi.

"To ga mariƙin," in ji ta. "Sauran bulo."

Bugu na biyu da soson katifa aka yi. Wannan ya tsaya da kyau, sai dai da Haka-Ne ya sake shi a ƙasa ya yi tsalle ya dawo masa hannu. Da aka zuba masa ruwa ya shanye bokiti bai nuna alama ba, kuma in aka danna shi da yatsa sai ya yi hawaye. Hangen-Nesa ya ce wa masu kallo, "Bulo mai ajiyar ruwa ke nan. In gobara ta tashi, matsa bango kawai za a yi." Bugu na uku da gashi aka yi, bulon ya fito da gemu da saje. Mai aski ya zo ya shafa shi da idon sana'a, ya ce, "Alhaji, in kamfani ya yi gini da wannan, don Allah ka sa baki a ba ni kwangilar aske gidajen."

Matar ta kwashe kwanukanta ta ce, "Af, na manta. Ƙanina yana gaishe ka. Ya ce ya sayi kujera mai jingina saboda bayanka."

An faɗa mini ranar bai ci abincin ba.

Daga nan ya gane, a cewarsa, cewa kuskuren na sharar ne, domin ta yi gautsi da yawa. Abin da bulo ke so shi ne shara mai laushi. Ya je wurin mai injin niƙa ya kwaso sharar ƙasa, dusa da tsabar da ke zubewa. Ya je gidan burodi ya karɓo fulawar da ta tsufa da sukarin da ya dunƙule. Wani mai shago da ruwa ya shiga ɗakin ajiyarsa ya ba shi gishirin da ya jiƙe, yana ta godiya. Ya ƙara toka, ya barbaɗa siminti kamar mai jin kunyarsa.

Na tsallaka na tambaye shi hikimar gishiri.

"Me ke hana nama ruɓewa?"

"Gishiri."

"To me zai hana gida ruɓewa?"

"Sukarin fa?"

"Ka taɓa ganin sukari ya jiƙe ya bushe a kan tebur? Sai da wuƙa. Mai Faci, ka riƙa lura da duniya."

Dole in yi masa adalci a nan: bulon ya fito da kyau. Sumul, ga kusurwa a tsaye, ga rashin nauyi, ga wani ƙamshi da ya danne rabin warin tsibin. Ya buga su da yawa ya jera a rana. To, ƙa'idar masu bulo ce cewa sabon bulo ba ya ƙarfi sai an shayar da shi safe da yamma, kuma Hangen-Nesa bai taɓa wasa da wannan ƙa'ida ba. Ya sa Haka-Ne ya riƙa bin layi da tiyo. Bayan 'yan kwanaki na fito buɗe rumfa, na hango filin ya yi shar kamar gona a tsakiyar damina. Tsabar da ke cikin sharar niƙa ta samu ruwa da toka da rana, ta yi abin da Allah ya halicce ta ta yi.

Hangen-Nesa ya tsaya a gaban layin bulon, hannu a ƙugu. Wannan ne karo na farko da na ga bakinsa a rufe alhali idonsa biyu. Mutane suka fara taruwa. Mai injin niƙa ya durƙusa ya duba ya ce, "Alhaji, yabanya ta yi kyau. Yaushe ne noman farko?"

Nan take maganarsa ta dawo. "Ku nan kusa kuke gani. Manyan kamfanoni biya suke yi a dasa musu shuke-shuke a gefen gini. Ni a cikin ginin na dasa."

Da ya gama da muhalli sai ya juya kan walwalar ma'aikaci. Ya ce safar hannu da takunkumi na ƙananan masana'antu ne. Ya sayo wa Haka-Ne hular kwano ta masu babur, mai gilashi, da rigar ruwa har gwiwa, da takalmin roba, da safar masu walda. Ya ce kada ya kuskura ya cire ko ɗaya a lokacin aiki. Bawan Allah ya riƙa kwaɓi a tsakar rana cikin wannan shiga, gumi yana taruwa a takalmansa har ana jin ƙararsa in yana tafiya. Ba ya jin abin da ake faɗa, muryarsa kuma tana fitowa kamar daga rijiya.

Matar ta gan shi ta ce, "Baban yara, dafa shi za ka yi?"

"Kariya ce. Tambaye shi ko yana jin daɗi."

Ta ƙwanƙwasa gilashin. "Kana jin daɗi?"

"Haka ne."

"Ka ji," in ji Hangen-Nesa.

Ta sake ƙwanƙwasawa. "Mutuwa kake yi?"

"Haka ne."

Sauran kyautata wa al'umma. A jikin filin akwai gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Gwaggo, mai awaki da yawa. Awakin nan sun addabi unguwa. Suna cin shanya, suna shiga kicin, akwai wani jan bunsuru da ya taɓa cinye wa tela awon mutane. Hangen-Nesa ya ce zai gina musu katanga kyauta da sabon bulonsa, a kewaye su, ranar da Injiniya za ta zo a yi bikin buɗewa.

Gwaggo, wadda idonta ya yi rauni amma hankalinta bai yi ba, ta ce, "Kyauta? Ɗan nan, me na yi maka?"

"Haƙƙin al'umma ne, Gwaggo."

"To al'umma ta shaida ban roƙa ba."

Aka yi katanga, ta fi mutum tsawo. Mai aski ya samu kwangilarsa, domin shi aka kira ya aske tsiron da ke waje da almakashi kafin a shafa farin fenti. Ciki kuwa aka bar shi yadda yake, tunda baƙi ba za su shiga ba. A jikin fentin aka rubuta da manyan haruffa: RIBA DA MUHALLI DA AL'UMMA. Aka kora awaki ciki tun da sauran kwanaki, wai don su saba, kada su ba da kunya a gaban baƙuwa.

Unguwa ta huta, kowa ya yaba, ni ma na yaba. Gwaggo ce kaɗai ta dogaro sandarta ta zo filin da damuwa.

"Ɗan nan, awakin nan ba lafiya ba. Ba sa kuka. Abincin da nake zuba musu ba sa taɓawa, sai shan ruwa kamar raƙuma. Kuma na shafa su na ji ƙiba suke yi."

"Kwanciyar hankali ce, Gwaggo. Dabba in ta samu muhalli mai kyau, ko iska ta sha sai ta yi ƙiba."

"Jan bunsurun da ke karya ƙofa, yanzu ko na buɗe masa ba ya fita."

"Ya san inganci."

Ranar da aka sa ta zo. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka sake aro lasifika. Tamfol ɗin da ya kamata a rufe yashi da shi aka ja aka lulluɓe tsibin shara, aka danne gefensa da duwatsu. Hangen-Nesa ya sha babbar riga fara ƙal. Unguwa duka ta hallara, matarsa ta zauna a layin gaba ta naɗe hannu.

Injiniya ta buɗe ƙofar mota, ta sauke ƙafa, ta sauke ta cikin ruwan siminti. Ta dubi takalminta, ta dube shi.

"Malam, ina ramin?"

"Ranki ya daɗe, mun wuce matakin rami."

"Wancan dutsen da aka lulluɓe fa?"

"Kayan aiki ne."

"Kayan aikin naka yana wari."

"Sabo ne, bai gama hucewa ba."

Ta hango Haka-Ne yana tahowa cikin shigarsa, ta ja da baya kaɗan. Ta nemi a ba ta bulo ɗaya. Ta juya shi, ta auna nauyinsa a hannu, ta kai shi hanci.

"Me ya sa bulonka yake ƙamshin gidan burodi?"

"Don masu gida su riƙa tashi da nishaɗi."

"Bari in sake shi a ƙasa mu gani. Haka muke gwadawa."

Ya karɓe shi daga hannunta da ladabi. "Ranki ya daɗe, jefa bulo ɗaya a ƙasa gwajin yara ne. Ni da kaina zan hau katangar da aka yi da shi, in yi jawabi a kanta. Gani ya kori ji."

Ya kamata mai karatu ya sani cewa Hangen-Nesa ba ƙaramin mutum ba ne a jiki. Aka kafa tsani ya hau, ya tsaya a kan katanga da lasifika a hannu. Don ya nuna bai da shakka, ya yi wa Haka-Ne nuni da hannu ya ɗauke tsanin ya kai can bakin tanki. Sannan ya fara.

"Jama'a, wasu suna cewa in ka kula da muhalli riba ta gudu, in ka bi riba muhalli ya lalace. Yau ga ni tsaye a kan amsa. Wannan katanga za ta ga jikokinmu, ta ga jikokin..."

A nan ne ya waiga ya dubi cikin katangar. Abin da ya gani daga baya aka faɗa mini: awakin sun jeru sun fuskanci bango kamar masu jiran layi, kowace ta tura kai cikin raminta har kafaɗa, ba abin da ake gani sai jela tana kaɗawa. Abin da ni na gani shi ne fuskarsa, wadda ta koma kalar fentin.

Ya ci gaba da jawabi, amma muryar ta sirance. "Ta ga jikokin jikokinmu. Haka-Ne, kawo tsani. Domin inganci, jama'a, ba a ɓoye shi. Haka-Ne, tsani."

Daga bakin tanki, cikin hular kwano, aka amsa, "Haka ne." Bai motsa ba.

Sai fentin da ke tsakiyar kalmar RIBA ya kumbura, ya tsage, kan jan bunsuru ya fito. Ya dubi Injiniya ido cikin ido yana tauna. Wata akuya ta ɓullo ta cikin MUHALLI, wasu biyu ta cikin AL'UMMA. Mai injin niƙa ya ce a hankali, "To, duka ukun sun samu wakilci."

Katangar ba ta faɗi yadda katanga ke faɗuwa ba. Zama ta yi sannu a hankali, kamar tsohuwar da ta gaji, Hangen-Nesa yana nutsewa a cikinta yana riƙe da lasifika, har ya ɓace cikin farar ƙura. Awaki suka tsallake shi suka fito. Da suka shaƙi iskar fili suka gane cewa abin da suke ci ɗanɗano ne kawai, ga babban tsibin bulo can a jere. Suka nufe shi a guje ta tsakiyar kujeru. Tumakin layin baya suka ji labari suka shigo, kaji suka biyo su. Wata akuya ta ga gefen tamfol ta ja, duwatsu suka gangaro, tsibin shara ya buɗe, firji marar ƙofa ya sulalo ya tsaya daidai gaban rumfar baƙi.

Da ƙura ta lafa aka ga Hangen-Nesa zaune a ƙasa, fari fat da gari tun daga hula har takalmi, 'yan awaki suna lasar masa wuya, jan bunsuru kuma ya kama hannun babbar riga yana ci. Lasifikar ba ta mutu ba, saboda haka duk unguwa ta ji yana cewa, "Kai, bari. Bari mana, ana kallo."

Gwaggo ta laluba ta iso kansa. "Ɗan nan, ka ce kyauta ce. Kada gobe ka zo ka ce in biya abin da suka ci."

Injiniya ta jira har aka tashe shi tsaye. Ba ta yi dariya ba, kuma na girmama ta saboda haka, ko da yake na ga tana cizon leɓe.

"Malam, akwai siminti a bulon nan kuwa?"

"Akwai, ranki ya daɗe. Na albarka."

"Rami na roƙa, da murfin yashi, da safar hannu. Akwai wani mai bulo a can gaba da ya yi su ukun, ba surutu. Shi za mu ba."

"Wancan? Ko lasifika ba shi da ita."

"Ba shi da ita. Amma gidajen nan mutane za su zauna a ciki, kuma yawancinsu suna kiwo." Ta juya wajen Haka-Ne. "Don Allah a cire wa wannan bawan Allah hular nan kafin ya nuna."

Ta tafi. Matar Hangen-Nesa ta miƙe, ta karkaɗe zanenta, ta ce, "Baban yara, taho mu je gida ka yi wanka. Kujera tana jira."

Da a nan labarin ya ƙare, da ba don dabbobin sun tare titi ba. Wani dillalin dabbobi da ya zo wucewa da motarsa ya rasa hanya, ya sauko zai yi faɗa. Ya ga yadda tumaki ke turereniya a kan bulo, sai ya manta da faɗan. Ya tsinci gutsure ya shinshina, ya ɗanɗana, ya kama wata akuyar Gwaggo ya matsa gadon bayanta.

"Wa ke yin wannan abincin?"

Jama'a suka buɗa, suka bar Hangen-Nesa shi kaɗai a tsakiya da rabin hannun riga.

"Alhaji, duk abin da suka rage ina so. In kuma za ka riƙa yi, kowane mako zan aiko mota."

Hangen-Nesa ya miƙe wuya. "Malam, ka iya bakinka. Ni mai gina gari ne. Ba na yi wa akuya girki."

"Yana yi," in ji matarsa. "Zo mu yi magana."

Tun daga ranar ita ke riƙe da harkar. Ta kira likitan dabbobi ya duba haɗin, ya cire abin da ya cire, ya ƙara abin da ya ƙara. Ina faɗin haka ne don kada wani ya karanta ya je ya gwada da ka. Ta sa Babban Jami'in Shara ya kwashe tsibin da ya tara. Ta sa aka haƙa ramin. Haka-Ne ya samu safar hannu da takunkumi, ya dawo kamanninsa. Mai injin niƙa da masu gidan burodi sun samu inda ake karɓar sharar da suke rasa yadda za su yi da ita, ba a sayar da injin bulo ba, ƙanin matar kuma ya zauna a kujerarsa da kansa. Kwangilar gidaje dai ta tafi, kuma Hangen-Nesa ba ya bin hanyar bayan gari ko da ita ce mafi kusa. In an tambaye shi yakan ce da ma can dabbobi ya hango, katangar talla ce.

Sharaɗi ɗaya matar ta gindaya masa, cewa kada ya sake ya gyara haɗin. Ya yi haƙuri iyakar iyawarsa. Amma rannan ta je unguwa, ya dubi bulon ya ga abin kunya ne a ce daga injinsa ya fito, sai ya kinkimo buhun siminti da yashi ya juye a kwaɓin.

Ba a daɗe ba dillalin ya zo da kansa, yana ɗauke da bulo ɗaya a kafaɗa, ya jefar da shi a tsakiyar fili. Bulon ko gezau.

"Alhaji, mene ne wannan? Ragona ya kusa barin haƙoransa a jiki. Na sa guduma, ƙotar ta karye. Dutse na ce ka yi mini?"

Matar tana ba shi haƙuri, tana harar mijinta, amma shi bai ma san tana yi ba. Ya tsallako titi da sauri, fuskarsa tana walƙiya, ya kama hannuna duk da baƙin man da ke jiki.

"Mai Faci, ka ji da kunnenka? An kawo ƙarata. Wai bulona ya yi ƙarfi da yawa. Kai mutum ne mai amana, kuma motoci suna tsayawa wurinka. Ranar da Injiniya ta tsaya faci, ka faɗa mata."

Na yi masa alkawari, domin ban iya cewa a'a ba a lokacin. Shi ya sa yanzu kullum da safe, kafin in buɗe rumfa, nake share titin nan tun daga wannan kwana har waccan, kada a samu ƙusa ko ɗaya.